Wa Ya Isa Ya Zama Okonkwo? Yadda Jarumi Ke Sauya Littafi Idan An Mayar Da Shi Fim

A watan Satumban 2024 aka ba da sanarwar cewa kamfanin A24 na Amurka zai mayar da littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, shiri mai dogon zango. Idris Elba ne zai fito a matsayin Okonkwo, babban jarumin labarin, David Oyelowo kuma yana cikin masu shiryawa. Labarin na fita 'yan Najeriya suka rabu. Wasu suka yi murna, suka ce littafin da aka fassara zuwa harsuna sama da 50 ya daɗe da cancantar kuɗi da kayan aiki irin na manyan kamfanoni. Wasu kuwa suka ce ina Elba ina Okonkwo? Mutumin da aka haifa a Landan, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Ghana, yaya za a yi ya zauna a inuwar manomin doya na ƙasar Igbo, alhali ga 'yan wasa jibge a Enugu da Asaba da Legas?

Ƙorafin yana da tushe, amma asalin ɗan wasa ɓangare ne kawai na maganar. Abin da ya fi girma shi ne, ranar da aka zaɓi wanda zai ja fim, ranar aka yanke wane irin littafi mai kallo zai samu. Sauran aikin duk bin wannan hukunci yake yi.

Mai karatu da mai kallo ba aiki ɗaya suke yi ba. Marubuci yakan ba ka alamomi kaɗan, kai ka cike sauran da kanka. Abin da Achebe ya faɗa game da surar Okonkwo bai wuce 'yan layuka ba: dogo ne, ƙato, mai cikar gashin gira da faɗin hanci, idan yana tafiya dugadugansa da ƙyar suke taɓa ƙasa, yana da 'yar i'ina, in ya fusata magana ta ƙi fita sai ya kai hannu. Daga nan kowa ya sassaƙa nasa. Tun daga 1958 da littafin ya fito, miliyoyin mutane sun karanta, kuma kowane da Okonkwon da yake gani a ransa. Kyamara ba ta iya wannan sassauci. Dole ta nuna mutum ɗaya mai hanci ɗaya da murya ɗaya, kuma da zarar ta nuna shi, na cikin ran mutane sai su fara dusashewa.

Akwai wata matsalar da ta fi ta sura wuya. Duk abin da ke tuƙa Okonkwo a cikin littafin tsoro ne. Yana tsoron kada ya zama kamar ubansa Unoka, mai busa sarewa, malalaci, wanda ya mutu da bashin mutane a wuyansa ba tare da ya riƙe sarauta ko ɗaya ba. Kokawar da ya kayar da Amalinze yana ɗan shekara 18, da rumbunan doyarsa, da dukan da yake yi wa matansa, duk gudun wannan inuwa ne. Mai karatu ya san haka domin mai ba da labari ya faɗa masa ƙarara. Dubi wurin kisan Ikemefuna, yaron da ya yi shekara uku a gidansa har yana kiransa baba. Dattijo Ezeudu ya zo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. Amma da aka sari yaron ya ruga wurinsa neman ceto, sai ya zare adda ya ƙarasa shi. Achebe ya ba da dalili a jumla ɗaya gajeriya: yana tsoron a ɗauke shi rago. A fim babu wanda zai tsaya ya karanta wannan jumlar. Abin da ido zai gani shi ne ƙato ya sare yaro. Idan ɗan wasan bai iya sa tsoron ya bayyana a fuskarsa da numfashinsa ba, mai kallo zai tashi da mugu kawai, ko kuma, abin da ya fi muni, ya tashi da gwarzon da ya cika umarnin al'ada ba tare da ƙyaftawa ba. Dukansu ba su ne mutumin da aka rubuta ba. Wanda aka rubuta ya koma gida ya kwana biyu bai ci abinci ba, kuma shi ne ya bi matarsa Ekwefi cikin dare da adda a hannu lokacin da aka ɗauki 'yarsu Ezinma zuwa kogon dodo, yana ɓoye damuwarsa kamar abin kunya.

A nan ne Pete Edochie ya shigo, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa mutane da yawa suka ji sunan Elba ya tsaya musu a wuya. A 1987 gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya nuna littafin kashi 13 ƙarƙashin umarnin David Orere. Edochie ne ya fito a matsayin Okonkwo. Shi kuwa, wanda ya tashi a Zariya kuma yake jin Hausa, ma'aikacin gidan rediyo ne a lokacin, ba tauraron fim ba. Ya zo da jiki, da gemu, da murya wadda aikin rediyo ya goge. Justus Esiri ya fito a matsayin amininsa Obierika. A wancan zamani tashoshi kaɗan ne, gida ɗaya mai talabijin yakan tara yaran unguwa, don haka abin da NTA ta nuna kusan kowa ya gani. An taɓa yin wani fim a 1971, wanda Francis Oladele ya shirya, Bajamushe Hans Jürgen Pohland ya ba da umarni, aka haɗa littafin da wani littafin Achebe, No Longer at Ease. Ƙalilan ne suka gan shi, bai kafa wata fuska a zukatan mutane ba. Na 1987 shi ya kafa.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a lura da shi. Kirarin Ebubedike ya bi Edochie daga wannan shiri har yau. Da masana'antar finafinan kudu ta buɗe, sai aka dinga ba shi matsayin basarake, ko uban gida mai faɗa a ji, ko attajiri mai jefa karin magana. Sannu a hankali waɗannan fitowa suka narke da Okonkwo a tunanin jama'a. Yau idan ka ce Okonkwo, mutane da yawa suna hango dattijo mai kwarjini, mai nutsuwa, wanda kowace maganarsa hikima ce. Alhali na cikin littafi ba mutumin magana ba ne. Ubansa ne mai daɗin baki, Obierika ne mai zurfin tunani, shi kuwa mai gaggawa ne, harshensa ma yana ba shi wahala. Ban ɗauki wannan laifin Edochie ba, domin ya yi aikinsa da kyau ƙwarai. Amma ya nuna yadda abin yake tafiya: jarumin ya sauya littafin a idon mutane, littafin kuma ya riƙe jarumin tsawon rayuwarsa ta wasa. Masu cewa Elba bai yi kama da Okonkwo ba, da yawansu abin da suke nufi shi ne bai yi kama da Edochie ba.

To me ya sa manyan kamfanoni suke nacewa a kan sanannen suna? Kuɗi ne, kuma yana da kyau a fahimci yadda suke zagayawa. Kamfani ba ya sayen littafi kai tsaye a mafi yawan lokuta. Yakan biya marubuci ko magadansa wani abu kamar kafin alƙalami, a riƙe masa haƙƙin littafin na wani wa'adi, kada a ba wani. A cikin wa'adin zai sa a rubuta labarin fim, ya shiga neman masu zuba jari da tashoshin da za su saya. Tambayar farko da waɗannan suke yi ita ce wa zai ja shi. Ba su da hanyar auna kyan fim ɗin da ba a yi ba, amma suna da lissafin abin da finafinan wane suka kawo a baya. Sunan jarumi shi ne jinginar da ake karɓar bashi da ita. Shi ya sa idan ya janye, aikin yakan rushe. An gani a kan Americanah na Chimamanda Ngozi Adichie: a 2019 tashar HBO Max ta amince da shiri mai kashi 10, Lupita Nyong'o za ta ja, Danai Gurira tana rubutawa. Annobar korona ta dagula jadawalin aiki, Lupita ta fita a 2020, shirin ya mutu nan take. Littafin bai sauya ba, marubuciyar shirin tana nan, amma babu fuskar da aka yi ciniki a kanta.

Illar wannan tsari ba ta tsaya a kan wanda aka ɗauka ba, tana shiga cikin labarin kansa. Misali mafi bayyana shi ne Half of a Yellow Sun, littafin Adichie na 2006 a kan yaƙin basasa, wanda marigayi Biyi Bandele ya mayar fim a 2013, aka ɗauki mafi yawansa a Kalaba. Tun kafin a fara ɗauka aka yi ta ƙorafi a kan ba Thandiwe Newton matsayin Olanna, 'yar Igbo a labarin, saboda mahaifinta Bature ne ɗan Ingila, mahaifiyarta 'yar Zimbabuwe. Daga baya kuma hukumar tace finafinai ta ƙasa ta jinkirta fitarsa a Najeriya har zuwa watan Agustan 2014. Waɗannan biyu su suka cinye bakin mutane. Amma babban sauyin da aka yi wa littafin a wani wuri yake. Da Ugwu aka buɗe littafin, yaron gida ɗan ƙauye da aka kawo aiki gidan malamin jami'a Odenigbo a Nsukka, kuma da rubutunsa aka rufe shi. Ta idonsa mai karatu yake ganin gidan, da yunwa, da fagen daga, da mummunan laifin da shi kansa ya aikata bayan an tilasta masa shiga soja. A fim sai nauyin ya koma kan Olanna da Odenigbo, wato Newton da Chiwetel Ejiofor, da rikicin soyayyarsu. Ugwu ya koma gefe. John Boyega ne ya fito a matsayinsa, kuma a lokacin bai zama babban suna ba, sai a 2015 Star Wars ya ɗaga shi. Littafi mai shafi sama da 400 dole a rage shi idan za a cusa shi cikin ƙasa da awa biyu, wannan ba abin musu ba ne. Amma idan aka zo yanka, ba a yanka ta gefen wanda aka karɓo kuɗi da sunansa. Ejiofor ɗan Igbo ne gaba da baya, kuma hakan bai hana labarin yaron gida komawa labarin masu gida ba.

Akwai hanyar tsakiya, kuma Elba da kansa ya taɓa bin ta. A Beasts of No Nation na 2015, wanda Cary Fukunaga ya ɗauko daga littafin Uzodinma Iweala aka yi aikinsa a Ghana, Elba ya fito a matsayin kwamandan 'yan tawaye, amma yaron da labarin yake kansa, Agu, an ba Abraham Attah, ɗan Ghana da bai taɓa yin fim ba. Sunan Elba ya jawo kasuwa, yaron ya riƙe labarin, har ya ci kyautar matashin ɗan wasa a bikin finafinai na Venice. Sai dai wannan dabara ba za ta yi aiki a kan Okonkwo ba, domin shi ne tsakiyar littafin. Kuma littafin yana ƙarewa ne da ƙasƙanta shi: ya kashe ɗan saƙon kotu, ya ga mutanensa ba za su bi shi yaƙi ba, ya rataye kansa, danginsa ba za su taɓa gawarsa ba, sannan Baturen mulki yana tunanin labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Ko shirin da aka gina a kan babban tauraro zai yarda a ƙwace masa kalmar ƙarshe haka, a nan nake ganin za a gane ko an yi wa Achebe adalci.

Sai maganar harshe. Achebe ya yi rubutu da Turanci, amma mai karatu ya san mutanen Umuofia, garin Okonkwo, Igbo suke yi, Turancin riga ce kawai. A fim dole sauti ya fito daga baki. In an yi Turanci, da wane karin harshe? Kunnen 'yan Najeriya ya gaji da wani karin da finafinan waje suke ƙirƙira su ce na Afirka ne, wanda ba na kowace ƙasa ba. Kuma in kowa Turanci yake yi, me za a yi da wuraren da tafinta yake tsakanin mutanen gari da 'yan mishan, har ana yi masa dariya saboda bambancin karin Igbonsa? In kuwa Igbo za a yi, to a nan ƙorafin masu ƙorafi ya zauna daram.

Mu a ƙasar Hausa wannan matsala ta harshe ba ta same mu ba, domin littafin da Hausa yake, fim ɗin ma da Hausa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Wato wanda ya ja fim ɗin mutum ne da ya riga ya zauna da littafin ya juya shi da hannunsa. Tsarin littafin ma ya taimaka: malami ne zaune yana ba almajiransa labarin rayuwarsa, don haka muryar mai ba da labari tana da mazauni a fim ba tare da an ƙaƙaba ta ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka gano shi aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Kuma ko a nan, duk wanda ya karanta littafin ya san zafin labarin a wurin uwar yake, matar da ta bi sawun ɗanta da aka sace har aka bautar da ita, ta ƙetare hamada, ta gan shi, ta rasu ba da daɗewa ba. Sunan Shaihu ne a bango, amma ita ce ke sa mutum hawaye.

Da finafinan kaset suka fara a Kano a farkon shekarun 1990, marubuta na cikin waɗanda suka ɗora tubalin. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata ya yi Tsuntsu Mai Wayo, aka yi Ki Yarda Da Ni daga littafin Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, aka yi Alhaki Kwikwiyo daga na Balaraba Ramat Yakubu a 1998. A wancan zamani sunan littafi ke sayar da kaset. Wanda ya karanta labarin Sumayya da Muhammad a In Da So Da Ƙauna, ya san ta faɗa rijiya saboda an raba su, so yake ya je ya gani da idonsa, ko wace ce ta fito. Daga wajen 1999, da Sangaya da waɗanda suka biyo shi, ma'auni ya juya. Waƙa da fuskar da ke kan fosta suka zama abin ciniki, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka fara yin tambayar da masu jarin Amurka suke yi: su wa ke ciki? Daga nan aka koma ɗinka labari daidai jikin jarumi, littafi ya ja baya.

Yanzu da finafinai masu dogon zango suka karɓe fage, a Arewa24 da YouTube, ina ganin dama ta dawo wadda ba a taɓa samun irinta ba. Dogon zango shi ne ya dace da littafi, domin yana da filin da ƙananan mutanen labari za su numfasa. Marubutan littafi irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih sun riga sun shiga rubutun talabijin. Masu sauraron littattafan da ake karantawa a rediyo da YouTube kuma ba su da iyaka, kuma kowannensu ya riga ya sassaƙa fuskokin mutanen labarin a ransa. Mun kuma ga yadda mai kallonmu yake manne wa fuska: lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, an daɗe ana muhawara, ko da yake shirin ba daga littafi aka ɗauko shi ba.

Inda nake jin tsoro shi ne irin littafin Balaraba da aka yi fim ɗin Alhaki Kwikwiyo da shi. Tsakiyar labarin Rabi ce, mace mai 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya auro Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaranta. Ba budurwa ba ce, ba ta da waƙar soyayya. A gefe kuma ga 'yarta Saudatu da mai neman aurenta. Duk furodusan da ya ɗauki irin wannan littafi yau, kasuwa za ta ja shi ya ba fitacciyar jaruma matashiya matsayin 'yar, ya faɗaɗa soyayyarta kashi bayan kashi, uwar ta koma mai fitowa tana kuka a tsakar gida. Abin da ya sami Ugwu ke nan. Muna da mata manya a masana'antar da za su iya ɗaukar Rabi tun daga farko har ƙarshe, amma an saba ajiye su a matsayin uwar wane ko kishiyar wance. Marubucin da furodusa ya zo wa da tayin sayen littafi, bayan maganar kuɗi da wa'adi da sa sunansa a allo, yana da haƙƙin ya tambayi wa za a ba babban matsayi da kuma labarin wa za a bi, a rubuta amsar a cikin yarjejeniya kafin ya sa hannu.